Wayar Ciniki Ko Wayar Wasa: Zaɓin Da Ke Gaban Jama'ar Birnin Kudu Da Gwaram

Duk wanda ya ratsa kasuwar Sara ta Ƙaramar Hukumar Gwaram a ranar da take ci, ko kuwa ya tsaya a Babaldu, inda motocin da suka taso daga Kano ke karkata zuwa Ningi da Bauci, zai lura da wata sana'a wadda shekaru goma da suka wuce ba kasafai ake ganinta ba. Matasa ne zaune ƙarƙashin laima, kowa da ɗan teburinsa da na'urar POS, fatake masu sayen riɗi da hatsi da dabbobi na tsaye a kansu suna jiran a ciro musu kuɗi. Can gefe kuma ga rumfar mai caji, janareta na ruri, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta. Da zarar ciniki ya ɗan lafa, sai a ga yaron nan mai POS ya ɗauko wayarsa ya karkata ta, ya shiga buga ƙwallo ko wasan harbe-harbe da abokan da bai taɓa gani da ido ba. Wayar da yake wasan da ita kuwa, ita ce take ɗauke da jarinsa, da lambobin masu hulɗa da shi, da saƙon banki da ke tabbatar masa cewa kuɗi sun shiga.

Wannan al'amari ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira. Bisa ga ƙidayar shekarar 2006, Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu tana da mutane sama da 300,000, ta Gwaram kuwa sama da 270,000, kuma babu shakka sun ƙaru ƙwarai daga wancan lokaci. Akasarinsu manoma ne da makiyaya da 'yan tireda waɗanda ke zaune nesa da reshen banki. Ma'aikacin gwamnati a waya yake ganin albashinsa. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawar JAMB sai ya aika da lambarsa ta NIN daga layinsa kafin a ba shi lambar yin rajista, wanda ke neman rancen karatu na NELFUND kuma, wanda aka buɗe shafinsa a watan Mayu na 2024, ba shi da wata ƙofa sai ta intanet. Watau ke nan zaɓen waya ya tashi daga sha'anin ƙawa, ya zama sha'anin abinci da karatu, kuma kuskure a cikinsa yana iya cin albashin wata biyu.

Yadda aka zo nan

A watan Janairu na 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane a kan Dala miliyan 285, kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara, Glo ya biyo baya a 2003. A lokacin, layi kaɗai ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci, wasan da ke cikin waya kuwa bai wuce na macijin nan na Nokia ba, wanda ba ya cin data, ba ya cin caji. Daga baya aka yi yayin 2go da BlackBerry, sa'an nan Android ta zo ta share fage.

To amma abin da ya mai da waya ta zama jakar kuɗin talaka shi ne canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, aka sa ranar 31 ga Janairu 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin kuɗi ba su wadata ba, tsofaffi kuma an kwashe su. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin, kasuwannin ƙauye sun riga sun ɗanɗana kuɗarsu: mai akuya ya kai ta kasuwa ya komo da ita, mai hatsi ya karyar don ya sami tsaba a hannu. Manhajojin manyan bankuna suka riƙa tsayawa saboda cunkoso, su kuwa OPay da PalmPay da Moniepoint suka riƙa wucewa da tiransifa cikin ɗan lokaci. A 'yan makonnin nan ne mutane da yawa waɗanda a da ba su yarda da kuɗin da ba su riƙe a hannu ba suka buɗe asusu, kuma har yau ba su rufe ba. Abin mamaki, eNaira da Babban Bankin ya ƙaddamar da kansa a watan Oktoba na 2021 ba ta ci moriyar wannan dama ba.

Wa ke yin zaɓin?

Idan ana muhawara a jaridun Turai da Amurka a kan wace waya ta fi, maganar ba ta wuce tsakanin iPhone na kamfanin Apple da Android na Google. A Birnin Kudu da Gwaram aljihu ya riga ya raba wannan gardama. Akwai masu iPhone, galibi ta hannu, a tsakanin manyan ma'aikata da 'ya'yan masu hali, amma in gilashinta ya fashe ko batirinta ya mutu, sau da yawa sai an dangana da Dutse ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, tafiyar fiye da kilomita 100. Abin da ke hannun jama'a shi ne Tecno da Itel da Infinix, kuma mutane da yawa ba su san cewa duka ukun na kamfani ɗaya ne ba, watau Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, wanda ya fi kowane kamfani sayar da waya a Afirka. Samsung da Redmi na biye da su.

Ba a banza Transsion ya ci kasuwa ba. Tun da wuri ya lura cewa mutumin Afirka yana buƙatar waya mai ɗaukar layi biyu, domin inda sabis ɗin wannan kamfani ya kai, na wancan bai kai ba. Ya lura da buƙatar batir mai daɗewa inda lantarki ba shi da tabbas. Ya gyara kyamara yadda za ta fitar da baƙar fata. Ya kuma baza kayan gyara har ƙananan garuruwa. Duk mai gyaran waya da ke bakin tasha ya san cikin Tecno kamar yunwar cikinsa. Wannan kuwa babban abin dubawa ne ga mutumin Fagam ko Basirka, wanda in wayarsa ta lalace ranar kasuwa, cinikin mako ne ya tafi.

Daɗin daɗawa ga maganar farashi. Ba a ƙera waɗannan wayoyi a Nijeriya, da Dala ake shigo da su. Kafin watan Yuni na 2023 farashin Dala a hukumance yana wajen Naira 460. Bayan da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai da Dala ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Kuɗin waya ya bi ta. Albashi mafi ƙanƙanta da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 Naira 70,000 ne, kuma waya mai ɗan ƙarfi, sabuwa fil a kwali, ta fi ƙarfin wannan adadi. A watan Janairu na 2025 kuma NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Saboda haka mai saye yakan shiga shago ne da kuɗin waya ɗaya tak, alhali yana da buƙatu biyu waɗanda ba su jituwa da juna.

Abin da wasa ke so, da abin da ciniki ke so

Wasannin da matasa suka fi so a yau, irin su Free Fire da ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty Mobile na 2019, da wasannin ƙwallon ƙafa irin su eFootball, suna buƙatar injin waya mai sauri, da ƙwaƙwalwar aiki, wadda 'yan kasuwa ke kira RAM, mai yalwa, da kuma ma'adana mai faɗi, domin wasu daga cikinsu sai sun cinye gigabait da dama kafin a fara buga su. Suna kuma buƙatar sabis wanda ba ya jinkiri, domin wanda saƙonsa ya makara da rabin daƙiƙa an riga an harbe shi. Wayar da ke da RAM gigabait 2 tana iya buɗe wasu daga cikinsu, amma za ta riƙa sarƙewa, ta yi zafi, ta zuƙe caji.

Maganar zafin nan ba ƙarama ba ce. Batirin waya na zamani ba abin da ke saurin tsufar da shi kamar zafi, kuma a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40. Wayar da ake wasa da ita tana jone da caji, a rumfar kwano, da tsakar rana, batirinta ba zai yi rabin kwanan da aka ƙera shi ya yi ba. Yaron da ya ga bayan wayarsa ya kumbura yakan ce jabu aka sayar masa, alhali kuwa sau da yawa shi ya dafa ta da hannunsa.

Shi ciniki bukatunsa daban ne, kuma masu sauƙi. Manhajar banki da WhatsApp da ɗan littafin lissafi ba sa neman injin da ya kai na wasa. Abin da suke nema shi ne wayar ta kai magariba da caji, ta kama sabis a ƙauye, ta buɗe a lokacin da mai saye ke tsaye yana jira, kuma kada wani ya iya shiga cikinta. Batir mai ƙarfin 5,000, layi biyu na kamfanoni dabam-dabam, RAM gigabait 4 da ma'adana gigabait 64 sun wadatar da ɗan kasuwa ko ma'aikaci, har da ɗalibin da ke karanta takardun lacca a waya. Yawan idanun kyamara da ke bayan waya, wanda shi mai shago ke fara nunawa, ba ya ƙara wa ciniki ko kwabo. Haka nan alamar 5G: an yi gwanjon lasisinta a watan Disamba na 2021, MTN ya fara aiki da ita a 2022, Airtel a 2023, amma a manyan birane aka fara kafa ta, kuma wanda ya biya kuɗinta don ya yi amfani da ita a Kila ko Wurno ya sayi doki ne babu filin sukuwa.

Ba a cewa wasa laifi ne. Yaron da ya wuni a gona ko a aji yana da haƙƙin ya huta, kuma da yawa daga cikin masu gyaran waya da masu rubuta manhaja ta ƙofar wasa suka shigo. Akwai ma wasanni marasa nauyi, irin su Ludo da dara, waɗanda ba sa wahalar da kowace waya. Inda gizo ke saƙa shi ne a haɗa wasa mai nauyi da jari a tukunya ɗaya.

Dandali ma yana mutuwa

Akwai wani abu da mai saye bai cika tambaya ba, watau shekara nawa wayar za ta yi kafin manhajoji su juya mata baya. Tarihin shekaru goman da suka wuce cike yake da darasi a kan haka. WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin Nokia masu tsarin Symbian a tsakiyar 2017, ya bar BlackBerry a ƙarshen wannan shekara, ya bar Windows Phone baki ɗaya a ƙarshen 2019. BBM, wanda a da samun lambarsa abin alfahari ne, an rufe shi a watan Mayu na 2019, kamfanin BlackBerry kuma ya kashe hidimar tsofaffin wayoyinsa a watan Janairu na 2022. Tun daga watan Oktoba na 2023 duk wayar da Android ɗinta bai kai na 5 ba ta rasa WhatsApp. Hatta wayoyin nan masu maɓalli da ke kan tsarin KaiOS, waɗanda aka tallata a matsayin babbar wayar talaka, WhatsApp ya janye daga kansu. A duk waɗannan lokuta wayar tana nan lafiya lau, tana kira tana amsawa, amma an yanke hukunci a wata ƙasa mai nisa cewa zamaninta ya wuce.

Manhajojin banki su ma haka suke yi. Lokaci-lokaci sukan ɗaga mafi ƙarancin tsarin da za su yarda su hau. Samsung da Google sun yi alkawarin sabunta manyan wayoyinsu har shekara bakwai, amma waɗannan ba su ne wayoyin da ake saye a Gwaram ba. Masu araha ba kasafai suke samun sabuntawa mai tsawo ba. Saboda haka wanda zai sayi waya ta hannu, ya kamata kafin ya duba ko jikinta ya goge, ya shiga cikin saiti ya ga lambar Android da ke kanta. Waya mai kyan jiki da tsohon tsari, arha ce wadda ba ta ado.

Ƙofar ɓarawo

Saboda tsadar data, ba kowa ke sauke wasa daga Play Store ba. Al'adar da aka saba ita ce a je wurin masu turi, waɗanda ke zuba fina-finai da waƙoƙi da wasanni a waya, ko kuwa aboki ya tura wa aboki ta Xender. Haka ake samun wasannin da aka yi wa kwaskwarima don su ba da komai kyauta, da irin su GBWhatsApp wanda ba kamfanin WhatsApp ne ya yi shi ba. Babu wanda ya tantance abin da ke cikin irin waɗannan manhajoji. Da an girka su sai su nemi izinin karanta saƙonni da duba lambobi da hotuna, mai waya kuma ya danna amincewa don yana ɗokin fara wasa. Lambar sirrin nan ta wucin-gadi da banki ke aikowa kafin a fitar da kuɗi kuwa ta saƙo take zuwa. Mai hankali ya san ma'anar wannan.

Masu ba da rance ta manhaja sun nuna irin ɓarnar da izinin nan ke iya yi. Sun riƙa kwashe lambobin da ke wayar wanda ya ci bashi, in ya makara su aika wa surukansa da shugabansa na ofis saƙon cin mutunci, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai wa wasunsu samame a Legas a watan Maris na 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna daga ƙarshen Mayu na 2023. Ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata shi ne farkon abin farautarsu. Kusa da wannan akwai sayen waya bashi, a biya kaɗan-kaɗan, inda ake sa mata makulli daga nesa: ranar da aka kasa biya sai ta rufe. Ga mai wasa wannan ɓacin rai ne kawai. Ga mai ciniki kuwa, an rufe masa shago ne a daidai ranar da ya fi buƙatar ya sami abin biya.

Shekarar 2024 ta zo da wani sabon salo, wanda ya haɗa wasa da neman kuɗi a wuri guda. Bayan da wasan Notcoin na manhajar Telegram ya raba wa waɗanda suka buga shi kuɗin kirifto a watan Mayu, sai Arewa ta ɗauka: Tapswap, Hamster Kombat da ire-irensu, abin da aka riƙa kira mainin. Ɗalibai da 'yan kasuwa, har da magidanta da matan aure, suka duƙufa dangwalar gilashin waya dare da rana, wasu suka sayi waya ta biyu da ta uku domin wannan kawai. Da Hamster Kombat ya yi rabonsa ran 26 ga Satumba, abin da akasarin mutane suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba, balle na caji da batir. Waɗanda suka ci riba ta tabbas su ne masu sayar da data da masu rumfar caji.

Ƙaramar waya ba ta mutu ba

A cikin duk wannan hayaniya, ƙaramar waya mai maɓalli da tocila tana nan tana aikinta. Caji ɗaya yakan kai ta kwanaki, tana kama sabis inda babba ta gaza, ɓarawo bai cika kula ta ba, kuma ba ta da inda za a girka mata manhajar ɓarna. Da lambobin USSD, irin su *894# na First Bank ko *919# na UBA ko *901# na Access, ana tura kuɗi da duba asusu ba tare da data ba, a kan Naira 6.98 kowane shiga.

Abubuwa biyu da suka faru a 2024 sun nuna darajarta. Ran 14 ga Maris wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajoji da dama suka tsaya cik har kwanaki. A watan Oktoba kuma lalacewar manyan layukan wuta ta jefa akasarin jihohin Arewa, har da yankin KEDCO da Jigawa ke ciki, cikin duhu fiye da mako guda, ga man janareta ya yi tsada tun bayan cire tallafi a watan Mayu na 2023. A waɗannan kwanaki, mai waya mai cin caji sau biyu a yini ya gane kurensa.

Don haka dabarar da ta fi dacewa da wannan yanki ita ce wadda wasu 'yan kasuwa suka riga suka gano da kansu: layin da ke haɗe da banki da BVN ya zauna a ƙaramar waya, a sa wa layin kansa lambar sirri, ta kwana a aljihu ba ta zuwa rumfar caji sai ta kama dole; babbar waya kuma ta ɗauki WhatsApp da hotunan kaya da karatu, in ma da wasa to a can. Kuɗin ƙaramar waya bai kai na gyaran gilashin babba ba. Amma ita ma tana da nata rauni, domin wanda ya tsinci layin da ba a kulle ba yana iya gwada sa'arsa da USSD, shi ya sa kulle layin ya zama tilas.

Masu POS da kamfanoninsu

Ga mai sana'ar POS, zaɓin ya wuce na waya, ya kai ga wane kamfani zai bi. Da yawa sun saba riƙe na'ura biyu ko uku, in sabis ɗin wannan ya tsaya su koma wancan. Wannan dabara tana fuskantar sauyi. A watan Afrilu na 2024 Babban Banki ya dakatar da OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda daga buɗe sababbin asusu har zuwa watan Yuni, abin da ya nuna cewa umarni ɗaya daga Abuja yana iya tsayar da kowane dandali. A wannan shekara aka wajabta wa masu POS rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a watan Disamba kuma aka ƙayyade abin da mutum ɗaya zai cira a wurinsu a Naira 100,000 a yini. A watan Agusta na 2025 aka ba da umarnin a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista, sa'an nan a watan Oktoba aka fito da ƙa'idar da ta ce daga Afrilu na 2026 kowane wakili zai tsaya ga kamfani ɗaya.

Manufar hukuma a fili take, watau toshe hanyar zamba da safarar kuɗin fansa. To amma an rubuta waɗannan ƙa'idoji ne da shagon birni a zuciya, mai adireshi ɗaya da sabis na dindindin. Wakilin ƙauye kasuwa yake bi, yau yana nan gobe yana can, fataken da yake yi wa hidima kuma kuɗin sa ɗaya ya ninka Naira 100,000 sau da yawa. Idan har zai auri kamfani ɗaya, to lalle ne ya auna fiye da kwamishon da ake ba shi: wane layi na'urar ke hawa, kuma yana kamawa a kasuwannin da yake zuwa? In kuɗi suka maƙale, akwai ofishin da zai kai ƙara a Dutse, ko sai ta waya? Wane irin lasisi kamfanin ke da shi? Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi, domin tun 2024 inshorar da NDIC ke bai wa mai ajiya ta kai Naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan maikurofainans, manhajar da ba ta da lasisi kuwa babu ko sisi, kamar yadda waɗanda suka zuba kuɗi a CBEX suka gani da ta rufe a watan Afrilu na 2025.

Rabon hukuma

Jihar Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, a farkon shekarun 2000, ta kafa cibiyar koyar da ilmin kwamfuta a Kazaure, a lokacin da jihohi da yawa ba su fara tunanin haka ba. Yau kuma ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa suna yaye ɗalibai a wannan fanni. Waɗannan ɗalibai su ne gobe za a ba kwangilar rubuta manhajar biyan haraji, ko ta rabon taki, ko ta rajistar marasa lafiya a asibitoci irin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ma'aikatan da ke karanta wannan shafi kuma su ne za su sa hannu a takardar amincewa.

Kuskuren da aka saba yi shi ne a gwada manhaja a kan wayar darakta, a ofis mai sanyi da intanet mai ƙarfi, a ce ta yi. Wurin gwajin gaskiya shi ne tsohuwar Itel mai RAM gigabait 2, a Farin Dutse, da la'asar, caji ya rage kashi 15 cikin 100. Manhajar gwamnati ya kamata ta zama mara nauyi, ta iya ajiye aiki in sabis ya ɗauke ta aika daga baya, ta yi magana da Hausa, kuma duk abin da ake yi a cikinta a iya yin sa ta USSD ko ta saƙo, domin tsohuwar da ke karɓar tallafi ba za ta sayi Android saboda Naira dubu kaɗan ba. Haka nan in ma'aikata za ta raba wa malaman gona ko ma'aikatan lafiya wayoyi ko allunan hannu, a rubuta a cikin kwangila shekara nawa za a sabunta su, da inda za a gyara su a cikin jiha, a kuma kulle su yadda ba za a girka musu wasa ba. Ƙananan hukumomin biyu su ma suna da abin yi wanda bai fi ƙarfinsu ba: rumfunan caji masu aiki da hasken rana a Sara da Babaldu da sauran manyan kasuwanni, da kuma tattara sunayen ƙauyukan da sabis bai kai ba a miƙa wa NCC, wadda ke da asusu na musamman, USPF, da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa domin kai sadarwa irin waɗannan wurare.